Yadda ake ɗaukar hoton igiyar da jirgi ke tsagawa a iska: daga kyandir a zaure zuwa fiffiken jirgin alhazai

Tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa daga ɗaliban kimiyya na Aliero da Birnin Kebbi, har da masu ɗaukar hoton biki a Jega da Argungu. Hoton nan na jirage biyu ƙirar T-38 da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a watan Maris na 2019, wanda layuka ke fita daga hancinsu da fikafikansu suna sarƙewa da juna, yaya aka yi shi? Kuma mutum na iya yin irinsa a nan gida?

Hoton na gaske ne, kuma dabarar da aka yi shi da ita za ka iya koyonta a zaure da kyandir ɗaya. Abin da ba za ka samu a Kebbi ba shi ne jirgin da zai wuce gudun sauti a daidai inda ka kafa kyamara. Sai dai akwai igiyar matsi ta gaskiya, wato siririn layin iskar da jirgi ya danne, wadda duk wanda ya hau babban jirgi da rana zai iya kamawa da wayarsa, kuma can nake son kai ka. Ka bi matakan a jere, domin wanda bai iya na kyandir ba ko igiyar ta tsaya a gabansa ba zai gane ta ba.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin a fara. Iska ba ta ganuwa, amma idan wani ɓangarenta ya fi wani cunkushewa, hasken da ya ratsa wurin yana ɗan karkacewa. Shi ya sa motar da ke nesa take rawa a kan kwaltar Jega a watan Afrilu. Jirgin da ya fi sauti gudu yana danne iskar gabansa ya tara ta a siririn layi, kamar yadda kwale-kwale mai inji ke tsaga ruwa a Yauri, igiya ta buɗe hagu da dama. Kyamara ba ta ganin layin kansa. Abin da ke bayan layin take ɗauka, sannan kwamfuta ta auna inda ya goce.

Mataki na 1: Tara kaya

Kyamarar da ta fi dacewa ita ce irin ta masu hoton biki, Canon ko Nikon, da dogon lens mai kai milimita 200 zuwa 300. Idan ba ka da ita kada ka saya saboda wannan aikin. Ka yi hayarta ta yini ɗaya a wurin mai situdiyo ranar da ba shi da biki, ko ma ka jawo shi cikin aikin, don hannunsa ya saba da ita. Waya ma tana yi, da sharaɗin tana da ido na biyu na zuƙo nesa, wanda ake rubuta wa 3x ko 5x. Zum ɗin da ake yi da yatsu biyu ba ya ƙara komai, abin da ke akwai kawai yake kumburawa.

Na biyu shi ne mazaunin kyamara mai ƙafa uku, kuma idan za a kashe kuɗi a wuri ɗaya to nan ne. Mai araha na roba yana lilo ko da mutum ya taka ƙasa a kusa da shi. Gara ka kife turmi, ka ɗora ƙaramin buhun yashi, ka nutsa kyamarar a ciki, da ka dogara da irin wannan.

Sauran ƙananan kuɗi ne: buga takarda A3 ɗaya zuwa huɗu, falanki ko kwali mai kauri, gam, kyandir da ashana. Sai kwamfuta, ko tsohuwa ce, da manhajoji uku na kyauta: GIMP, Fiji da ffmpeg. Fiji tana da nauyin ɗaruruwan megabait, don haka ka sauke ta inda data ba za ta dame ka ba. Ga wanda zai yi da waya mai Android, manhajar Open Camera kyauta ce kuma tana ba ka damar kulle fokas da haske da hannunka.

Mataki na 2: Haɗa allon ɗige-ɗige

Rabin nasarar aikin a nan take. Ana buƙatar allo mai cike da ƙananan ɗigo baƙi da fari, a barbaje ba tsari, domin kowane lungu na allon ya bambanta da maƙwabcinsa. Gocewar da iska mai zafi ke haddasawa ba ta kai milimita ɗaya ba a kan allon, sau da yawa piksel ɗaya ne ko ƙasa da haka a cikin hoto. Idan ɗigon ya yi girma, gocewar ta ɓace a cikinsa. Idan ya yi ƙanƙanta, kyamara ta haɗe su duka su zama toka-toka.

Ƙa'idar ita ce kowane ɗigo ya ci piksel 3 zuwa 5 a hoton. Ga lissafin. Faɗin A3 milimita 420 ne. Idan ta cika hoton bidiyo mai faɗin piksel 1920, kowane piksel na ɗaukar kusan milimita 0.22, ke nan ɗigo mai milimita 0.8 ya yi daidai. Idan waya ce mai bidiyon 4K, wato piksel 3840, tana kallon allo mai faɗin mita ɗaya, piksel na ɗaukar milimita 0.26, ɗigon 0.8 ya ci piksel uku. Shi ya sa nake ba da shawarar 0.8 ga kowa.

A cikin GIMP ka buɗe sabon hoto mai faɗin piksel 525 da tsayin 371. Ka shiga Filters, sai Noise, sai Hurl, ka kai shi ɗari bisa ɗari. Daga nan ka shiga Colors ka danna Desaturate, sannan Threshold, ya zama baƙi da fari zalla. Sai ka faɗaɗa shi da Scale Image zuwa 4961 da 3508, ka tabbata wurin Interpolation yana kan None don kada gefen ɗigon ya dushe. Ka kai shagon buga takardu a buga maka da injin laza a farar takarda marar sheƙi. Mai babbar kyamara takarda ɗaya ta ishe shi. Mai waya ya buga huɗu ya jera biyu-biyu.

Inda babu injin bugawa, tsohon buroshin goge haƙori da baƙar tawada sun wadatar. Ka tsoma, ka karta gashin da babban yatsa, feshin ya sauka a kan farin kwali har ya yi kusan rabi baƙi rabi fari.

Gargaɗi: kada ka yi amfani da atamfa, tabarma ko takarda mai layi-layi. Abin da ke maimaita kansa yana rikita kwamfuta, ta kasa bambance wannan layi da na kusa da shi. Haka bana ta roba irin ta 'yan siyasa, ƙyallinta yana ɓata hoto. Kuma ka shafe bayan takardar gaba ɗaya da gam a kan falanki, domin kusurwa ɗaya da ke kaɗawa ta isa ta rufe abin da kake nema.

Mataki na 3: Zaɓi wuri, jera kaya

Ana son haske mai yawa a kan allo, ba a son iska ko kaɗan. Waɗannan biyun ba su cika haɗuwa ba. A fili akwai rana amma iska na kwashe zafin kyandir, a ɗaki babu iska amma da duhu. Mafita ita ce zaure ko baranda inda hantsi ke faɗowa a kan bango ɗaya, sauran bangarori kuma a kare. Idan akwai taga mai faffaɗan gilashi, ka manna takardar a jikinta rana ta haska ta daga baya, wannan ya fi kowanne kyau. A kashe fanka, a rufe ƙofa, a roƙi yara su tsaya wuri ɗaya.

Abu uku za su hau layi ɗaya: kyamara, kyandir, allo. Mai dogon lens ya bar mita 4 tsakanin kyamara da allo, mai waya ya bar mita 2. Kyandir a tsakiya, harshen wutar yana can ƙasan hoton, saboda abin da kake so yana samansa. Idan ka matsar da kyandir kusa da kyamara gocewar za ta ƙaru amma siffar za ta dushe. Idan ka kai shi kusa da allo siffa ta fito tsaf amma gocewar ta yi rauni. Ka fara da tsakiya, daga baya ka gwada matsawa.

Lokacin shekara ma yana da tasiri, kuma wannan abu ne da yanayinmu ya ba mu. Da sanyin safiyar Disamba ko Janairu za ka iya ganin ɗumin da ke tashi daga tafin hannunka, domin fatar mutum ta fi iskar ɗumi nesa ba kusa ba. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iska ta kamo fatar har ta wuce ta, ba abin da zai tashi. A wannan lokacin ka ajiye ƙanƙara ko kwalbar ruwa mai sanyi, za ka ga iska tana zubowa ƙasa daga jikinta.

Mataki na 4: Saita kyamara

Ka mayar da komai hannunka. Fokas a kan allo za ka sa shi, ba a kan kyandir ba, kuma wannan ne kuskuren da masu hoton biki suka fi yi, saboda hannunsu ya saba bin abin da ke gaba. Ka zuƙo allon a fuskar kyamara, ka juya zoben har gefen ɗigo ya yi kaifi, sannan ka kashe fokas mai sarrafa kansa. Ƙofar haske ka matse ta zuwa f/11 ko f/16 don kyandir ma ya ɗan fito. ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ya tsaya a 100 zuwa 400. Saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa idan da hasken rana kake aiki.

Gargaɗi: ka kashe na'urar hana girgiza ta lens ko ta waya. Aikinta shi ne motsa hoto don ya bi hannu, kuma a kan mazauni tana ci gaba da ɗan motsin da ido ba ya gani amma kwamfuta na gani. Ka kashe duk wani abin gyaran fuska da ƙawata hoto. Idan dole ta sa ka yi da fitilar lantarki, ka sani wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, fitila na ƙiftawa da ita, sai ka sa saurin ƙiftawa a 1/50 ko 1/100. Wutar janareta ba ta tsayawa daidai, ka guje ta.

Mataki na 5: Ɗauka

Hoto biyu ake buƙata: na allo shi kaɗai, wanda shi ne ma'auni, da na allo da zafi a gabansa. Tsakanin biyun kada kyamara ta motsa ko da gashi ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce bidiyo. Ka danna, ka janye hannu, ka bar daƙiƙa biyar kyamarar ta natsu, sannan wani ya shigo da kyandir a kunne ya ajiye a inda aka yi alama, ya fita daga hoto a hankali. Daƙiƙa goma sun isa. Mai son hoto tsayayye ya yi amfani da agogon jinkiri ko rimot, kuma ya ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba.

Bayan kyandir ka gwada dutsen guga mai zafi, kofin shayi, murhun gawayi, ko numfashinka da safe. Kowanne da irin tafiyarsa. Na kyandir yana miƙewa siriri kamar taƙi ɗaya ko biyu kafin ya wargaje, kuma ganin daidai wurin da yake wargajewa shi kaɗai ya isa a yi aikin saboda shi.

Gargaɗi: ana iya ganin iskar gas ta girki da tururin fetur da wannan hanyar, amma kada ka gwada su a rufaffen ɗakin da aka kunna kyandir. Kuma takarda da kwali na kusa da wuta, a ajiye bokitin ruwa.

Mataki na 6: Fito da abin da ke ɓoye

Ka tura bidiyon kwamfuta da kebul. Idan ka tura ta WhatsApp za a matse shi, ɗigon ya narke, aikin ya tashi a banza. Ka yanke daƙiƙa uku kawai na lokacin da kyandir ke ci, da daƙiƙa ɗaya na allo shi kaɗai, domin kowace daƙiƙa hoto 30 ce ko 60, kuma na 4K suna da nauyi. Da ffmpeg za ka warware bidiyon zuwa hotuna, da wannan umarni:

ffmpeg -i bidiyo.mp4 hoto_%04d.png

A cikin Fiji ka shigo da hotunan allo shi kaɗai ta File, Import, Image Sequence, ka mayar da su 8-bit, sannan ka haɗe su su zama ɗaya ta Image, Stacks, Z Project, ka zaɓi Average Intensity. Wannan shi ne ma'auninka, kuma ya fi hoto ɗaya tsabta. Sai ka shigo da na kyandir. Ka buɗe Process, Image Calculator, ka sa na kyandir a sama, ma'auni a ƙasa, ka zaɓi Difference. Abin da zai fito kusan baƙi ne ƙirin, kada ka karaya. Ka buɗe Brightness/Contrast ka ja haske sama, ginshiƙin iska mai zafi zai bayyana yana murɗawa.

Idan allon gaba ɗaya ya yi ƙyalli da ɗige-ɗige, wani abu ya motsa. Ka gwada daidaita hotunan da Linear Stack Alignment with SIFT da ke ƙarƙashin Plugins, Registration. Idan bai gyaru ba ka sake ɗauka, ya fi sauri. Idan hoton na haske yana duhu, girgije ne ya gitta ko haske bai kullu ba. Idan ba ka ga komai ba, ɗigon ya yi girma ko kyandir ya yi kusa da allo.

Debe hoto daga hoto yana nuna inda aka goce ne kawai, ba ya faɗin ta wane ɓangare ko nawa. Hotuna masu santsi irin na NASA ana samun su ne idan kwamfuta ta yanka hoton gida-gida, kamar piksel 16 ko 32 kowane gefe, ta nemo inda kowane gida ya koma. Fiji na da kayan Optic Flow a cikinta, ɗalibin da ya iya Python kuma ya nemi OpenPIV ko OpenCV, mai MATLAB ya nemi PIVlab. Ga ɗalibin fiziks ko injiniya da ke neman aikin kammala karatu, wannan aiki ne na gaske da za a iya auna shi a kare shi, ba tare da ɗakin gwaji mai tsada ba.

Wasu za su tambayi bulala, tun da ƙarar da take yi bakinta ne ke wuce gudun sauti. Gaskiya ne, amma ga lissafi. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa a digiri 20, a zafinmu na bazara ya kai 355. Bidiyon waya mai hoto 240 a daƙiƙa, igiyar na yin kusan mita ɗaya da rabi tsakanin hoto da hoto. Ko a ƙiftawar 1/8000 tana gocewa santimita huɗu, ta shafe. Sai da walƙiya mai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ake tsayar da ita. Kada wannan ya sa wani ya koma gwaji da nokawut ko bindiga. Ba zai samu hoton ba, kuma a halin da yankinmu ke ciki ƙara irin wannan tana iya tayar da unguwa.

Mataki na 7: Gane abin da NASA ta ƙara

Yanzu za ka iya karanta hoton 2019 da idon wanda ya sani. Allonsu shi ne ƙasar hamadar Mojave a Kalifoniya, ɗigonsu kuwa ƙananan itatuwan da suka barbazu a kanta. Kyamara na cikin jirgi mai farfela ƙirar King Air B-200, yana tafe a tsayin ƙafa kusan 30,000, tana kallon ƙasa tana ɗaukar hoto 1,400 a daƙiƙa. Jiragen T-38 biyu, tsakaninsu ƙafa 30 kacal, suka ratsa ta ƙarƙashinsa da tazarar ƙafa kusan 2,000. Hotunan hamada kafin su iso su ne ma'auni. Daga baya aka daidaita hotuna masu yawa a kan jikin jirgin aka haɗe su, shi ya sa layukan suka fito fes. Asalin hoton baƙi da fari ne, launin daga baya aka sa.

Farin hazon nan mai siffar mazurari da ake gani kewaye da jirgin yaƙi a wasu hotuna ba shi ne igiyar matsi ba. Tururin ruwa ne ke komawa ƙananan ɗigon ruwa inda matsin iska ya faɗi, yana buƙatar iska mai laima, kuma yana iya fitowa jirgi bai kai gudun sauti ba.

Mataki na 8: Kama igiyar gaske a kan fiffike

Babban jirgin fasinja ba ya kai gudun sauti. A tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda sanyi ya rage gudun sauti zuwa kusan kilomita 1,060 a awa, yana tafiya da kashi 78 zuwa 85 cikin ɗari na wannan. Amma iskar da ke bi ta saman fiffike tana ƙara gudu saboda lanƙwasar fiffiken, har ta wuce gudun sauti a wani yanki, sannan ta dawo ƙasa da shi farat ɗaya. A wurin dawowar nan igiyar matsi take tsaye a kan fiffiken, tana bin tsawonsa. Idan hasken rana ya bi ta gefenta, tana jefa siririyar inuwa a kan ƙarfen.

Ke nan maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa Madina ko Jidda, ko mai zuwa Umara, yana da sa'o'i na wannan dama. Jirgin Abuja mai injin jet ma yana iya nunawa, sai dai zamansa a can sama gajere ne. Mai farfela ba ya kai wannan gudun, tafiyar dare kuma babu abin gani.

Ka nemi kujerar bakin taga a daidai fiffike ko ɗan baya kaɗan. Ka jira jirgi ya gama hawa ya daidaita. Rana ta kasance a sama sosai, ko kuma a gefe ta bangaren da fiffiken ya miƙa. Idan tana gaban jirgi ko bayansa a ƙasa-ƙasa, inuwar ba ta fitowa. Tun da jirgi na tafiya rana ma na juyawa, wanda bai gani yanzu ba ya sake dubawa bayan rabin awa.

Abin da za ka nema siririn layi ne mai duhu, sau da yawa da mai haske a manne da shi, wajen tsakiyar faɗin fiffike, yana bin tsawonsa. Alamarsa ita ce rawa. Yana matsawa gaba da baya, yana zabura idan jirgi ya shiga gargada. Layin haɗin ƙarfe ba ya motsi. Ƙarzunar taga kuma tana bin kanka idan ka kaɗa shi, inuwar igiya ba ta bi. Akwai gani na biyu: ka kalli wani miƙaƙƙen abu can wajen ƙarshen fiffike, za ka iya ganin ya karye a wuri ɗaya, karyewar tana yawo. Wannan shi ne gocewar allonka na zaure, a nan fiffiken ne allon.

Bidiyo za ka ɗauka, 4K da hoto 60 a daƙiƙa idan wayar na yi, da idon zuƙo nesa. Ka danna fiffiken a fuskar waya ka riƙe har fokas ya kullu a kansa, in ba haka ba zai koma kan ƙurar taga. Ka rage haske, domin fiffike na ƙyalli a rana kuma inuwar na ɓacewa a cikin farin. Ka kusanto da wayar ga taga amma kada ta taɓa, jikin jirgi na kakkarwa. Ka kare gefenta da baƙin ƙyalle ko hularka don kada hasken cikin jirgi ya dawo. Matatar haske mai kashe ƙyalli ba ta da amfani a nan, tagar jirgi roba ce, launuka za ta cika maka hoto da su.

A kwamfuta ka yanke hoton ya rage fiffike kawai, don gajimaren da ke wucewa na rikita daidaitawa. Ka daidaita da SIFT, ka haɗe duka hotunan da Z Project su zama ma'auni, ka debe shi daga kowane hoto. Duk abin da ke tsaye zai ɓace, layin da ke rawa ya rage.

Gargaɗi: waya ta kasance a yanayin jirgi. Taga kawai za ka nufa da ita, ba fuskokin fasinjoji ba, musamman mata. Idan ma'aikacin jirgi ya ce a daina, a daina. Kuma wanda ke cikin harami ya san abin da ya kai shi, minti biyu na bidiyo sun isa.

Mataki na 9: Rana a matsayin allo, ga mai hali

Akwai hanyar ɗauka daga ƙasa, inda faifan rana ke zama allo. Da ita masanin NASA Leonard Weinstein ya ɗauki T-38 a 1993, kuma da irinta aka ɗauki jirgin gwaji XB-1 na kamfanin Boom a Mojave ranar 10 ga Fabrairu 2025, makonni biyu bayan ya fara wuce gudun sauti. Masu yin ta a zamanin nan suna amfani da madubin hangen nesa mai matatar haske ta musamman wadda ke fito da ƙyasfin fuskar rana, irin wannan kuwa kuɗinsa daga ɗaruruwan daloli ne zuwa sama da dubu. Da matatar rana ta gama-gari, irin fatar Baader AstroSolar, gefen faifan da baƙaƙen tabo kawai za ka samu, amma sun isa su nuna yadda zafin injin jirgin fasinja ke yaga gefen rana idan ya gitta.

Wahalar a lokaci take. Faɗin rana a sama rabin digiri ne. A nisan kilomita 15 wannan kusan mita 140 ne, jirgin fasinja na ratsa shi cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma wanda ke tsaye mita ɗari biyu daga gefenka ba zai ga gittawar ba. NASA matuƙin take ba wa wuri da lokaci ta na'ura. Kai sai dai ka duba Flightradar24, manhajar da ke nuna inda jiragen sama suke, ka gane hanyar da jirage ke bi a samanku, ka bar bidiyo na tafiya idan ɗaya ya doso. Lens mai milimita 300 yana ba da faifan rana na ƙasa da milimita 3 a cikin kyamara, don haka shi ne mafi ƙaranci. Ƙiftawa 1/2000 ko sama.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a jagorar nan: matatar a gaban lens ake ɗaura ta, a naɗe da salatif yadda iska ba za ta cire ba, kuma a fuskar kyamara kawai ake kallo, ba ta ramin leƙe ba. Tabarau, fim ɗin hoton asibiti, gilashin da aka shafa wa hayaƙi, duk ba sa karewa. Hazon hunturu yana sa rana ta yi fari kamar ba ta da ƙarfi, amma tana ƙona ido a hakan, kuma ƙunar ba ta zafi lokacin da take faruwa. Kada yaro ya kusanci kayan.

Game da jiragen soja da ke ratsa samaniyar Zamfara da Kebbi, ka bar su. Alpha Jet da Super Tucano ba sa kai gudun sauti, ƙarar da kake ji ta inji ce. JF-17 da rundunar sojin sama ta karɓa a 2021 yana iya wucewa, amma nufar jirgin soja, sansani ko katangar filin jirgi da dogon lens ba da izini ba yana iya jawo maka kamu, kuma mutumin da ke tsaye a daji da dogon abu a kan ƙafa uku ana iya yi masa mummunar fahimta daga sama ko daga ƙasa. Idan za ka yi na rana, ka yi a cikin gida ko harabar makaranta, mai unguwa ko shugaban sashe na sane.

Mataki na 10: Ajiye shaida

Kada ka goge asalin bidiyon, ka ajiye shi a wuri biyu. A gefen kowane aiki ka rubuta rana da lokaci, nisan kyamara da allo, girman ɗigo, da saitin kyamara. Na jirgi ka ƙara ƙirarsa, lambar kujera da bangaren da take, da tsayi da gudu idan allon gaban kujera na nunawa. Idan ka sa launi kafin ka yaɗa hoton, ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa launin ƙari ne, ka haɗa da hoto ɗaya da ba a taɓa ba don wanda ke son ya maimaita lissafin da kansa.